Nono da Tazarar Haihuwa a Zangon Lome

Fatake Hausawa sun kafa zango a Lome tun zamanin Jamus, waɗanda suka mai da garin hedkwatar Togo a 1897. Ban da goro da shanu, sun zo da al'adun gida, cikinsu har da dokar goyo: mace ta shayar da ɗanta wajen shekara biyu, miji kuma ya ja jiki. Wadda ta yi ciki da jariri a bayanta, sai a ce ta yi kwanika, abin kunya ne gare ta da mijinta. Tsofaffin mata suna cewa sabon ciki yana ɓata nono, yaro ya rame, ya kumbura, wani lokaci ya mutu.

Abin da suka gani da ido gaskiya ne, sai dai dalilin da suka bayar bai cika ba. A Ankara, maƙwabciyar Lome, wata likita mai suna Cicely Williams ta rubuta labarin wannan ciwo a 1933, daga baya ta kira shi da sunan da mutanen Ga suke ba shi, kwashiyoko, wato ciwon yaron da ƙaninsa ya ture. Ta nuna cewa nonon bai zama guba ba. An dai cire yaro daga nono da wuri, aka bar shi da kunun masara zalla, abincin da ba ya gina jiki. Mai karatu ya tuna, masara ce abincin yau da kullum a Lome.

To, yaya shayarwa take hana ciki? Masana sun daɗe kafin su gano. A 1905 Ernest Starling na Ingila ya fito da kalmar homon, wato sinadarin da wani sashen jiki yake aikawa ta cikin jini, ya kai saƙo ga wani sashe. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar tsoka kamar ƙwayar wake, ana kiranta fituwitari. Ƙwaƙwalwa takan aiko mata da saƙo a kai a kai, kamar bugun ganga, kusan kowane awa ɗaya ko fiye kaɗan. Ita kuma ta saki homon biyu zuwa ga ma'ajiyar ƙwan mace, ƙwai ya nuna ya fito sau ɗaya a wata. In jariri yana tsotso dare da rana, jijiyoyin kan nono sukan kai labari ƙwaƙwalwa, homon mai kawo ruwan nono, furolaktin, ya ƙaru, bugun nan ya rikice. Ƙwai ba ya fita, haila ta ɗauke. Sai a farkon shekarun 1970 Henry Friesen a Kanada ya iya ware furolaktin na ɗan Adam.

A 1977 aka ba Andrew Schally da Roger Guillemin kyautar Nobel saboda gano irin waɗannan saƙonni na ƙwaƙwalwa. A wannan shekara ce gwamnati ta rushe tsohon Zango na tsakiyar Lome, aka kwashe mutanensa zuwa Agoè, wajen kilomita 15 arewa da gari. Ba mu ce rushewar ce ta kashe al'adar goyo ba, amma nisa yana da nasa aiki. Mace mai sana'a a babbar kasuwar Asigame, in ta bar jariri wurin kaka tun asuba, da koko za a riƙe shi har magariba. Tsotso ya ragu, bugun ƙwaƙwalwa ya koma daidai, ita kuwa tana zaton har yanzu nono yana tsare ta.

A nan ne matan yanzu suke shiga wahala, domin sun gaji rabin al'adar kawai. Kakanninsu sun haɗa shayarwa da ƙauracewa miji, sau da yawa ma mai jego tana gidan iyayenta. Likitocin da suka taru a Bellagio ta ƙasar Italiya a 1988 sun auna ƙarfin nono shi kaɗai. Suka ce yana hana ciki fiye da kashi 98 cikin 100, amma bisa sharaɗi uku: jariri bai cika wata 6 ba, nono ne abincinsa dare da rana, haila kuma ba ta dawo ba. In ɗaya ya faɗi, kariyar ta tafi. Bayan wata shida ƙwai yana iya fita tun kafin mace ta ga jinin farko.