Tsinin Harsashi: Tarihin Wata Jimla a Dokar Bindigogi ta Kalifoniya

Ranar 17 ga Janairun 1989, da hantsi ya dubi ludayi, yara suna wasa a filin makarantar firamare ta Cleveland da ke birnin Stockton a jihar Kalifoniya ta Amurka, sai wani matashi mai suna Patrick Purdy ya shigo riƙe da bindiga samfurin AK-47 ƙirar ƙasar Sin. Cikin 'yan mintoci ya harba harsashi sama da ɗari. Yara biyar suka rasu, dukkansu 'ya'yan 'yan gudun hijira daga kudu maso gabashin Asiya, waɗanda iyayensu suka tsere wa yaƙi suka zo neman inda za su kwana da ido biyu rufe. Kusan mutum talatin suka jikkata. Shi kuma ya juya ƙaramar bindiga ya kashe kansa.

Daga wannan fili aka fara wata doguwar ja-in-ja tsakanin majalisar dokokin jihar da masu ƙera bindigogi, wadda ta shafe kusan shekara talatin. Abin mamaki, rabin wannan ja-in-ja ya rataya ne a kan wani ɗan ƙarfe da bai kai girman ƙwayar dabino ba, da kuma jimla guda da wasu jami'an gwamnati suka rubuta a shekarar 2000.

Kafin a kai ga jimlar, sai an fahimci abin da ake jayayya a kansa. Irin waɗannan bindigogi suna ɗana kansu bayan kowane harbi, wato duk jan kunama ɗaya harsashi ɗaya ne, kuma na gaba ya riga ya hau. Harsasan suna jere ne a cikin wani ɗan akwati da ake cusawa ta ƙasan bindigar, wanda ake kira gidan harsashi. Idan ya ƙare, maharbi ya danna wani madanni da yatsa, fankon ya faɗo, ya cusa cikakke. Ga wanda hannunsa ya saba, wannan sauyi bai wuce daƙiƙa biyu ko uku ba. Waɗannan daƙiƙu su ne dukkan abin da masu yin doka suke nema su tsawaita, domin a cikinsu ne yaro yake samun damar gudu, ko wani mai ƙarfin hali ya afka wa maharbin. An ga haka a birnin Tucson na jihar Arizona ranar 8 ga Janairun 2011, lokacin da aka harbi 'yar majalisa Gabrielle Giffords, aka kashe mutum shida. Sa'ad da maharbin ya tsaya sauya gidan harsashi ne mutane suka danne shi, wata dattijuwa ta fizge sabon gidan da yake ƙoƙarin cusawa.

Martanin farko na Kalifoniya ya zo da gaggawa. A watan Mayun 1989 Gwamna George Deukmejian, ɗan jam'iyyar Republican, ya sanya hannu a dokar da ta ɗauki sunan 'yan majalisa biyu da suka kawo ta, David Roberti da Mike Roos. Ita ce irinta ta farko da wata jiha ta kafa a Amurka. Sai dai ta bi hanyar kiran suna: ta jero samfuran bindigogi fiye da hamsin, ta ce waɗannan an hana sayar da su. Masu ƙera bindigogi ba su sha wahalar gano rauninta ba. Wanda aka hana da suna, sai ya sake suna. Kamfanin Colt, alal misali, ya ci gaba da fitar da 'yar'uwar bindigarsa AR-15 da sunan Sporter, da ɗan canji kaɗan a jikinta.

Shekara goma bayan haka majalisa ta sake shiri. Dokar da Sanata Don Perata ya kawo, wadda Gwamna Gray Davis ya sanya wa hannu a 1999, ta bar suna ta koma siffa. Ta ce doguwar bindiga mai ɗana kanta ta zama makamin farmaki idan tana karɓar gidan harsashi mai ciruwa, kuma tana da ko da ɗaya daga cikin wasu siffofi, irin su mariƙin da ya zubo ƙasa kamar na fistol, ko gindi mai naɗewa, ko abin dushe walƙiyar wuta a bakinta. Ta kuma hana sayar da gidan harsashin da ke ɗaukar fiye da goma. A takarda, wannan ya yi kama da an toshe ƙofa. Amma dukkan ginin ya tsaya ne a kan kalma ɗaya, wato "mai ciruwa", kuma majalisa ba ta fayyace ma'anarta ba. Ta bar wannan aiki ga Ma'aikatar Shari'a ta jihar.

A shekarar 2000 ma'aikatar ta fitar da ƙa'idojinta. Ta ce gidan harsashi mai ciruwa shi ne wanda za a iya zarewa cikin sauƙi ba tare da an kwance bindigar ko an yi amfani da wani kayan aiki ba. Sannan ta ƙara wata gajeruwar jimla mai cewa harsashi ma ana lissafa shi cikin kayan aiki. Akwai dalili mai kyau a bayan wannan ƙari. Wasu tsofaffin bindigogi, irin su SKS, suna da gidan harsashi kafaffe wanda ba a cire shi sai in za a yi wanki ko gyara, kuma da tsinin harsashi ake taɓa maƙalinsa. Jami'an ba su so su wayi gari sun mayar da dubban mafarauta masu laifi. Sun yi nufin su kare tsohuwar bindiga, ba su lura cewa sun zana wa sabuwa hanya ba.

An ɗauki 'yan shekaru kafin a bi hanyar. A 2001 Kotun Ƙolin jihar, a shari'ar Harrott, ta yanke cewa ba za a hukunta mutum saboda bindigar dangin AK ko AR ba sai an ambaci samfurinta ƙarara a jerin hukuma. Wannan ya sa daga wajajen 2005 aka fara shigo da gangar jikin bindigogin AR na kamfanonin da sunansu ba ya cikin jerin. Masu su suka riƙa kafe gidan harsashi mai cin goma a jiki, in ya ƙare sai an buɗe bindigar ta sama a zuba wasu, aiki mai cin lokaci da gundura. Sai a wajajen 2007 wani mutum mai suna Darin Prince ya fito da abin da ya yi suna da Bullet Button, wato madannin harsashi. Dabarar ba ta da wani zurfi. An nutsar da madannin cikin wani ɗan rami yadda yatsa ba zai kai gare shi ba, sai an zura wani abu mai tsini. Tunda sai da kayan aiki, kuma harsashi kayan aiki ne bisa lafazin hukuma, to gidan harsashin ba "mai ciruwa" ba ne. Tunda kuwa ba mai ciruwa ba ne, sharaɗin farko na dokar 1999 ya faɗi, sauran siffofin duk sun halatta. Mariƙi, da gindi mai naɗewa, da komai suka dawo kan kanta a shagunan Kalifoniya, a fili, da rasit.

Wanda ya ɗan zauna gaban malaman fiƙihu zai gane wannan fuska. Ita ce hila: mutum ya ba matarsa dukiyarsa kyauta ana saura kwana kaɗan shekara ta cika, ta mayar masa bayan ta wuce, ya ce zakka ba ta hau kansa ba. Lafazi ya cika, manufa ta tafi. Bambancin kawai shi ne a Kalifoniya hukuma ce da kanta ta rubuta lafazin, shi ya sa ba na ganin adalci ne a ɗora wa masu sayen madannin laifin duka. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Yawancinsu mutane ne masu zuwa filin gwajin harbi ranar hutu, waɗanda suka karanta doka suka bi ta harafi da harafi, domin kuskure a nan yana iya kai mutum gidan yari.

Daga nan kasuwa ta buɗe ga su kansu kayan dannawar. Aka yi masu rataya a jikin makulli, aka yi masu kama da zobe, aka yi masu mayen ƙarfe da ke manne wa madannin. A nan ne tambayar ta ƙara sarƙewa: in kayan aikin ya zauna a jikin bindigar bai rabu da ita ba, har yanzu kayan aiki ne, ko ya zama madanni? Lauyoyin masu bindiga da kansu suka riƙa gargaɗin cewa barin irin wannan abu a manne yana mayar da bindigar haramtacciya. Amma kowa ya ga inda aka dosa. Tazarar da aka kafa doka domin a samar ta tana ta ƙanƙancewa, har ta kusa komawa yadda take tun farko.

A 2012, bayan wani rahoton talabijin a San Francisco ya nuna saurin da ake sauya gidan harsashi da waɗannan kayan, Sanata Leland Yee ya kawo ƙudurin toshe kafar. Ƙudurin ya maƙale a kwamiti. Shi kuwa Yee, ƙarshensa ya zama abin ba da labari: a watan Maris na 2014 jami'an FBI suka kama shi bisa tuhume-tuhumen da suka haɗa da haɗa baki wajen safarar makamai, ya amsa laifin haɗa baki cikin almundahana, aka ɗaure shi shekara biyar. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi, kuma masu adawa da dokar sun daɗe suna cin ribar wannan abin kunya.

Amma lokacin da ya fi muhimmanci a wannan tarihi, a ganina, shi ne Oktoban 2013. Bayan kisan yara ashirin da manya shida a makarantar Sandy Hook ta jihar Connecticut a Disambar 2012, majalisar Kalifoniya ta amince da ƙudurin Sanata Darrell Steinberg, wanda ya yi watsi da zancen siffofi ya nufi aikin bindigar kai tsaye: a daina sayar da duk doguwar bindiga mai ɗana kanta, ta manyan harsasai, wadda gidan harsashinta ba kafaffe ba ne. Gwamna Jerry Brown, ɗan jam'iyyar Democrat, ya ƙi sanya hannu. Hujjarsa ita ce ƙudurin ya yi faɗi, zai haɗa har da bindigogin farauta da na wasan harbi da ba su da alaƙa da ta'asa. Hujja ce mai nauyi, musamman in aka tuna cewa alƙaluman FBI suna nuna yawancin kisan da ake yi da bindiga a Amurka da ƙananan bindigogi ake yin sa, kason dogaye kaɗan ne. Sai dai wannan ƙi ya tona asirin dukkan tsarin. An kawo wa jihar tambayar a miƙe, ko tana son a sayar da bindigar da ake sauya wa harsashi cikin daƙiƙu ko ba ta so, sai ta zaɓi ta ci gaba da amsa wata tambayar daban, ta mariƙi da gindi da madanni. Wanda ya kafa doka a kan siffa, ya gayyaci maƙeri ya sauya siffa.

Ranar 2 ga Disambar 2015 wani mutum da matarsa suka buɗe wuta a taron ma'aikatan lafiya a San Bernardino, suka kashe mutum 14, suka jikkata fiye da 20. Dogayen bindigogi biyu da suka yi amfani da su an saye su ne a shagunan jihar, ta hannun wani maƙwabcinsu, kuma jami'ai sun ce an yi musu sauye-sauyen da suka saɓa wa doka. Kowane ɓangare ya ga hujjarsa a cikin jinin. Masu neman tsaurara doka suka ce ga abin da madannin ya bari ya shigo kasuwa. Masu adawa suka ce wanda ya yi niyyar kisa ba ya tsayawa neman tsinin harsashi, mai bin doka kaɗai ake wahalarwa. Duka maganganun biyu gaskiya ne.

Wannan karon Brown ya sanya hannu. Ranar 1 ga Yulin 2016 aka sauya ma'anar: gidan harsashi ba ya zama kafaffe sai in ba za a iya cire shi ba face an kwance bindigar. Daga 1 ga Janairun 2017 aka daina sayar da bindiga mai madannin harsashi, kuma watannin da suka rage kafin ranar sun zama kakar ciniki ga masu shaguna. Tawada ba ta bushe ba aka fara tallar sababbin na'urori da aka ƙera daidai da sabon lafazin, wasu kuma suka cire siffofin da aka lissafa suka dawo da madannin yatsa na asali, abin da dokar ba ta hana ba. Tsugune dai ba ta ƙare ba, sai ma da rigimar ta koma kotunan tarayya, inda a Yunin 2021 Alƙali Roger Benitez ya ce haramcin gaba ɗayansa ya saɓa wa gyara na biyu na tsarin mulkin Amurka, ya kuma maimaita hukuncin a Oktoban 2023. Sau biyun kotun ɗaukaka ƙara ta dakatar da aiwatar da shi.

Waɗanda suka riga suka mallaki bindiga mai madannin an ba su zuwa 30 ga Yunin 2018 su yi mata rajista a matsayin makamin farmaki. Wanda ya yi rajistar zai ci gaba da riƙe ta, amma ba zai sayar wa wani mazaunin jihar ba, ɗansa ma ba zai gaje ta a cikin jihar ba. Ƙa'idojin rajistar kuma suka zo da wani sharaɗi: ba a yarda ya cire madannin ya sa na yatsa ba. Ma'aikatar da jimlarta ta haifi ɗan ƙarfen a 2000, ita ce yanzu take wajabta wa masu shi su bar shi a inda yake, su ci gaba da zura tsinin harsashi a ramin har ranar da bindigar za ta bar hannunsu.