Tarihin Gwajin Batir a Sabon Birni da Isa

Tun da Alkalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808, Gobirawa suka rarrabu, waɗansu suka zauna a Tsibiri kusa da Maraɗi, waɗansu daga baya suka kafa Sabon Birni, Isa kuwa ta tsaya a gefen kogin Bunsuru ƙarƙashin Sakkwato, mutanen wannan yanki ba su taɓa samun sararin yin sakaci da labari ba, domin zaman lafiyar mazaunin iyaka yana rataye ne a kan abin da ya ji da wuri. Saboda haka da akwatin rediyo ya iso, bayan BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, gidan rediyon Kaduna kuma ya soma aiki a 1962, sai aka karɓe shi hannu bibbiyu. Da yake kuma ƙauyuka ba su da lantarki, batir ya shiga sahun kayan masarufi tare da kananzir da ashana.

Shi kuwa batir abu ne mai ɓoye baɗininsa, domin mai rai da matacce kamarsu ɗaya, nauyinsu ɗaya, shi ya sa tilas aka nemi dabarar gwaji. Mai tireda yakan ajiye guntun waya da ƙwan tocila, ya ɗora gindin ƙwan a kan hular batir, ya zagayo da wayar zuwa ƙasansa, ya kare hasken rana da tafin hannu, shi da mai saye su sunkuya su duba: in ƙwan ya yi fari tas, ciniki ya faɗa, in kuwa ya yi ja-ja kamar garwashin da toka ta rufe, sai a mayar da shi kwali. Wanda ya raunana akan shanya shi a rana, ko a ɗan daddoke shi da dutse, ko a cije shi, al'adar da ke da haɗari ga baki amma ba ta rasa dalili ba, tunda zafi yana zaburar da sinadarin ciki, matsi kuma yana haɗa abin da ya rabu, har a samu ƙarfin da zai kai mutum ƙarshen labarun dare.

Daga baya masu gyaran rediyo suka samu mita mai allura, wadda ke auna ƙarfin wuta da ma'aunin da aka raɗa wa sunan Alessandro Volta, mutumin Italiya da ya ƙera batir na farko a 1800. Sabon batirin tocila bolt 1.5 yake nunawa, na mota cikakke kuwa wajen 12.6. Amma ma'abota sana'ar sun fahimci wani sirri wanda, a ganina, shi ne jigon ilmin duka, wato batirin da ya huta yakan nuna wa mita ƙarfin da ba shi da shi, ya kuma durƙushe da zarar an ɗora masa aiki; don haka gwani ba ya yanke hukunci sai ya auna shi rediyo na kunne. Da wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, sana'ar ta koma rumfunan caji, da janareta, sa'an nan da farantin sola. A 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a Sabon Birni da Isa saboda ta'addancin 'yan bindiga, mutane suka riƙa neman layin Nijar a kusa da iyaka, kowa yana tattalin ɗan cajin da ya rage masa.

A yau akwai ƙananan na'urori marasa waya da ake shukawa a daji ko a bakin kogi, suna auna zafi da damshi da zurfin ruwa, kowace tana miƙa wa 'yar'uwarta saƙo har ya isa ga masana. Masu bincike na jami'ar Berkeley sun gwada irinsu a 2002 a tsibirin Great Duck na Amurka. Da yawansu batir biyu ne ke riƙe da su, bolt 3 ke nan, kuma idan ƙarfin ya sauko kusa da 2 sai su yi shiru; saboda haka aka koya musu su auna batirinsu da kansu, su kwatanta shi da wani tsayayyen mizani da ke cikinsu, su aiko da adadin tare da sauran bayani. Injiniyoyin da suka ƙware suna sa a yi awon a daidai lokacin da na'urar ke aika saƙo, bisa hujjar nan da mai gyaran rediyo ya daɗe da sani, kuma ba sa yawaita shi, domin awon kansa yana shan wuta.

Ƙasar da zafinta ke wuce digiri 40 a watan Afrilu tana tsufar da batir da wuri, wadda kuma ta ga ambaliyar Gulbin Rima a 2010 tana da bukatar masu tsaron ruwa da ba sa barci. Ina roƙon hukumomin da za su kafa irin waɗannan na'urori a Gobir su nemi masu gyaran rediyo da masu caji na Sabon Birni da Isa, su koya musu, su danƙa musu amanar kula da batiransu.