Ba Daga Arewa Take Tahowa Ba: Hamada da Gajiyar Ƙasa a Jibiya

Da wuya a yi taron dashen itace a Jihar Katsina a watse ba a ji an ce hamada na gangarowa kudu da kilomita 0.6 kowace shekara ba. Alƙalamin ya shiga jawaban manya, ya shiga gabatarwar kundayen ɗalibai, har an daina tambayar wa ya auna, a ina kuma ya kafa turken awon. Jibiya, da yake tana bakin iyaka, ita ake nunawa a matsayin ƙofar da rairayin zai shigo. Ra'ayin tsoho ne. E. P. Stebbing ya kawo shi a 1935, ya ba da shawarar a kafa shingen daji a tsawon iyaka. Hukumar haɗin gwiwar Ingila da Faransa da ta bi sawunsa a 1936 zuwa 1937 ba ta tarar da hamadar da ke tafiya ba. Awon tauraron ɗan'adam (Tucker da abokansa 1991) ya nuna bakin Sahara kan yi gaba ya koma baya gwargwadon ruwan shekara. Masu wannan fanni sun san haka, ba zan tsaya a kai ba.

Ƙasar Jibiya ta gaji, babu musu. Abin da nake ja a kai shi ne inda gajiyar ta fito, kuma ina ganin daga cikin gonar take tasowa.

Wanda ya bar Magama ta Jibiya ya tsallaka Nijar ya nufi Ɗan Isa da Madarunfa da Maraɗi, hamada ya dosa. To amma can ne aka yi farfaɗowar itatuwan gona mafi shahara a Sahel. Tun 1983 Tony Rinaudo da manoman Maraɗi suka fara abin da ake kira sassabin zamani. Manomi ya zo kan kututturen sabara ko kalgo da ya yi tofo birjik. Maimakon ya sare duka ya cinna wuta, sai ya zaɓi miƙaƙƙu uku zuwa biyar, ya sassabe sauran, ya rage rassan ƙasa da adda mai kaifi, ya wuce na gaba. Babu gandun reno, babu ban ruwa, domin saiwar ta riga ta yi shekaru a ƙasa. Reij da Tappan da Smale (2009) sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar. Da rairayi ne ke tattaki daga arewa, da sai ya binne waɗannan gonaki kafin ya iso Jibiya. Kogin Gada ma, wanda aka datse a ƙarshen shekarun 1980, arewa yake kwarara ya zama Gulbin Maraɗi. Yashin da ruwa ke ɗauka a wannan kwari, daga gonakinmu yake tashi, ko ya kwanta a cikin dam ko ya bi gulbi ya nufi Nijar.

Polly Hill (1972) ta bayyana karakarar Batagarawa, gonakin bakin gari da ake nomawa kowace shekara ba hutu, kuma ba su mutu ba saboda takin da jakuna ke kaiwa a mangala. Mortimore ya nuna irin haka a kewayen Kano, inda jama'a suka fi na Jibiya yawa nesa ba kusa ba. Ashe yawan mutane kaɗai ba ya kashe ƙasa. Abin da ke kashe ta shi ne a ɗiba ba a mayar ba. A duba jigawar gero bayan girbi: an yanke kara an kai gida don danni da girki da abincin dabba, an ɗaure harawa an kai kasuwa, wani wurin har tushiya an tone. Gona ta kwana tsirara tun daga kaka har faɗuwar ruwa. Guguwar farkon damina ta share saman ƙasa, ta turbuɗe shukar binne. Saurar da a da ake bari ta huta, gado ya rarraba ta. Sai ƙuduji ya bazu, wani gefen ya zama faƙo, ruwa ya sauka ya wuce bai shiga ba.

Wani abokin aiki, tsohon ma'aikacin gandun daji, ya ƙi wannan bayani, kuma hujjojinsa sun cancanci a zauna da su.

Ta farko, a cewarsa, koren Maraɗi ruwa ne ya dawo da shi bayan farin shekarun 1970 da 1980. Manomi ya tarar da alheri ne aka ba shi lada. Yana da madogara. Herrmann da Anyamba da Tucker (2005) sun sami cewa ruwan sama ne babban abin da ke bayan ƙaruwar tsirrai a Sahel. Sai dai su ɗin ma sun ware wuraren da koren ya zarce abin da ruwa zai iya bayyanawa. Kuma akwai bambanci tsakanin ciyawar damina da itacen da ya shekara goma a tsakiyar gona: ruwa ne ke fito da tofo, amma mai gona ne ke yanke hukuncin ko zai kai baɗi. Hotunan sama da Tappan ya kwatanta sun nuna wuraren da ake gane layin iyaka da yawan itatuwa, ɓangaren Nijar ya fi, alhali irin ƙasa ɗaya ce, ruwa ɗaya, Hausawa ɗaya. A nan dole in rage baki. Waɗannan hotuna na kudancin Damagaram ne, ba na Jibiya ba. Abin da suke tabbatarwa shi ne ruwa kaɗai bai isa bayani ba. Ba su ba ni ikon cewa kowace gonar Ɗan Isa ta fi ta Magama ba.

Hujjarsa ta biyu ta fi nauyi. Ya ce: "Malam, ko ka cika gona da gawo, ba ka ƙara mata fosfaras ko ƙwaya ɗaya ba." Gaskiya ne. Gawo na kakkaɓe ganye da damina, yana ɗaure naitirojin, geron gindinsa ya fi na fili kyau. Amma wani kaso na wannan albarka tattarowa ce daga zurfin ƙasa da kuma kashin dabbobin da ke kwanciya a inuwarsa. Binciken André Bationo da abokansa a tashar ICRISAT ta Sadore ya daɗe da nuna cewa ƙarancin fosfaras ne babban abin da ke tauye gero a irin wannan jigawa. Na yarda itace ba zai maye gurbin takin zamani ba. Amma binciken nan shi ne kuma ya nuna taki ya fi yin aiki inda aka bar kara a gona, kuma ɗan tsunkule a ramin shuka, giram 6 na NPK, yana ɗaga amfani sosai. Matar da ta samu itacen girki daga sassaben gonar gidansu ba ta da dalilin kwashe karan. Ta nan itace ke taimakon buhun taki.

Ta uku, ya nuna shingayen darbejiya na shirin dashen itatuwan Katsina da Turai ta tallafa tun 1987, ya ce ga su nan tsaye. Ban raina su ba. Shinge dai yana kare ɗan zirin da ke bayansa ne, kuma na hukuma ne. Manomi ba ya masa kallon nasa. Nijar ta ɗauki wata hanya, har a Yulin 2020 ta fitar da doka da ta amince cewa manomi na da haƙƙi a kan itacen da ya rena a gonarsa. Babbar Ganuwar Itatuwa, wadda Nijeriya ta kafa wa hukuma a 2015, sunanta ma na ɗauke da tunanin Stebbing, ko da yake aikinta ya faɗaɗa.

Akwai abin da shi bai kawo ba, wanda ya fi duk hujjojinsa rage ƙarfin tawa. Sassabin zamani na bukatar mutum ya tabbata zai koma gonarsa shekara uku, huɗu a jere. A ƙauyukan da ke jingine da Dajin Rugu wannan tabbaci ya yi ƙaranci. Satar shanu ta rage takin da ake kaiwa gona, ta kuma yanke tsohuwar al'adar makiyayi ya sauka a gonar manomi da rani. Mutane sun taru a gonakin kusa da gari, nauyi ya ƙaru a kansu. Saboda haka da'awata ta tsaya a kan waɗannan gonaki na kusa, inda manomi ke iya zuwa kullum: a nan kuɗin da ake kashewa a dashe zai fi amfani in aka karkata shi ga renon kututture, da tabbatar wa mai gona mallakar itacensa, da samar da taki kafin shuka. Abokina har yanzu yana kan bakansa game da ruwa. Awon da zai raba mu ba mai tsada ba ne: a ƙirga itatuwa hekta-hekta, a auna fosfaras da ruɓaɓɓen ganyen da ke cikin ƙasa, a gonaki masu tazara ɗaya daga iyaka tsakanin Magama da Ɗan Isa, damina uku a jere.