Tarihin Gidan Sauro Mai Magani

Gidan sauro mai magani, wanda wasu ke kira sange, raga ce da ake ɗaurawa a kan shimfiɗa bayan an shayar da zarenta maganin ƙwari. Na gargajiya katanga ne kawai. Da ya yage, ko gwiwar mai barci ta jingina da shi, sauro ya samu abin da yake nema. Mai magani kuwa tarko ne, mai barcin shi ne abincin tarkon: numfashinsa da ɗumin jikinsa su ke janyo macen sauro, ta sauka a kan raga tana lalubar kafa, maganin ya kama ƙafafunta, kafin gari ya waye ta mutu.

Kwana cikin raga tsohon abu ne. Herodotus, masanin tarihin Girka, ya rubuta a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) cewa masuntan fadamun Masar kan kama kifi da komarsu da rana, da dare su kwana a cikinta saboda sauro. Gudun cizo suke yi, ba su san da wata cuta a bakinsa ba. Sai a 1897 Ronald Ross, likitan sojan Ingila a Indiya, ya ga ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a cikin jikin sauron.

Bayan yaƙin duniya na biyu hankalin duniya ya koma kan feshin DDT a bangon ɗakuna, aka yi watsi da raga. Shirin kawar da zazzaɓin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 1955 ya tsaya a 1969 bai taɓa yawancin Afirka ba. A ƙauyukan Garki, cikin Jigawa ta yau, an gwada feshi haɗe da rabon magani tsakanin 1969 da 1976. Cutar ta ragu sosai, amma da aka daina ta dawo.

Abin da ya farfaɗo da raga shi ne fametirin, maganin da Michael Elliott da abokan aikinsa suka haɗa a Rothamsted ta Ingila a 1973, suna kwaikwayon dafin wani fure da ake nomawa a Kenya. Yana kayar da ƙwaro nan take, bai cika cutar da mutum ba, yana kuma daɗewa a jikin zare. Wajen 1983, a ƙauyen Soumousso kusa da Bobo-Dioulasso a Burkina Faso, masu bincike suka yi wata dabara mai kyau: suka huhhuda raga da gangan, ta zama kamar wadda talaka ya shekara yana kwana a ciki, suka tsoma ta a magani, suka sa mutane kwana a ciki, da safe a ƙirga sauron da ya sha jini da wanda ya mutu. Ragar da ta yage ma ta yi kariya.

Saura tambayar da ta fi damun uwa: yana hana yaro mutuwa? A 1991 sakamakon wani gwaji a ƙauyukan Gambiya ya nuna mutuwar yara 'yan shekara 1 zuwa 4 ta ragu da kimanin kashi 60 cikin 100. Adadin ya yi yawan da masana suka nemi a maimaita. Aka yi manyan gwaje-gwaje huɗu: a Gambiya aka samu ragin kashi 25, a Navrongo ta arewacin Gana kashi 17, a Kilifi ta Kenya kashi 33, a Burkina Faso, inda aka yi amfani da labule mai magani, kashi 15. Da aka haɗa sakamakon, lissafi ya tsaya a kan cewa cikin kowane yara 1,000 da ke kwana a raga mai magani, ana ceton ran biyar zuwa shida a shekara, kuma kwanciyar zazzaɓi na raguwa da kusan rabi. A yammacin Kenya an gano wani abu kuma: gidajen da ba su da raga, in suna cikin tazarar mita 300 da ƙauyen da ke da ita, su ma yaransu sun samu sauƙi, domin sauron unguwar ne ya ragu.

Ranar 25 ga Afrilu, 2000, shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin kafin 2005 kashi 60 na ƙananan yara da masu juna biyu za su riƙa kwana a cikin raga mai magani. A lokacin masu yin haka ba su kai kashi 5 ba, kuma wa'adin ya wuce ba a cika ba. Dalili biyu ne. Na farko, ragar wancan zamani sai an sake tsoma ta duk wata shida zuwa shekara: a samo ƙullin magani, a dama a roba, a cuɗa raga, a shanya a inuwa. Kaɗan ne suka jure wannan. Kamfanin Sumitomo na Japan ya warware shi da Olyset, wadda aka narka maganin a cikin zarenta, aka amince da ita a 2001, sannan PermaNet ta biyo baya. Ana sa ran irin waɗannan su kai shekara uku da wanki ashirin.

Na biyu kuɗi ne, kuma a nan aka ɓata shekarun da bai kamata a ɓata ba. Wasu masana sun dage cewa abin kyauta ba ya daraja, gara a sayar da araha. Binciken Jessica Cohen da Pascaline Dupas a asibitocin awon ciki na Kenya ya nuna ɗan farashi kaɗan na korar yawancin mata, kuma wadda ta karɓa kyauta tana kwana a ciki kamar wadda ta saya. Togo ta yi rabon kyauta a faɗin ƙasa a ƙarshen 2004. Nijar ta raba kimanin miliyan 2 tare da rigakafin shan inna a Disamba 2005 da Maris 2006. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba kowa. Babban rabon Nijeriya ya fara ne daga Kano a Mayun 2009, raga biyu ga kowane gida. Wani nazari da aka buga a 2015 ya ƙiyasta cewa an kauce wa kamuwa miliyan 663 a Afirka tun daga 2000, kashi 68 saboda raga.

Karɓa daban, kwana a ciki daban. A zafin bazara mutane kan fito tsakar gida, inda babu wurin ɗauri. Sabuwar raga na sa wasu ƙaiƙayin fuska, shi ya sa ake cewa a baza ta a inuwa kwana guda tukuna. Wata kuma a shingen lambu take ƙarewa, ko a komar masunci.

Babbar barazanar daga sauron ta zo. Shekara da shekaru dangin magani ɗaya ake sa wa kowace raga, har sauro ya saba da shi a yawancin Afirka. Aka fara ƙara sinadarin PBO, mai hana jikin sauro narkar da dafin, sannan aka fito da raga mai magani biyu. Gwajin irin wannan raga, Interceptor G2, a Misungwi ta Tanzaniya ya nuna ragin zazzaɓin yara da kashi 44 a kan tsohuwar raga cikin shekara biyu, na Benin ya ba da kusan haka, kuma a Maris 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a koma gare ta duk inda sauro ya daina jin na farko.