Haɗiya da Tuƙa: Tarihin Kwatanta Hankali da Ciki

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu shi ne wani abin kunya da ya same ni a shekarata ta farko a jami'a. Kwana uku na yi ina cusa darasi a ka, amma da na zauna ɗakin jarrabawa sai kan ya zama fanko. Da na je hutu na ba kakana labari, ya yi dariya ya ce, "Kai ja'iri, haɗiya ka yi, ba ka tauna ba. Je ka dubi saniya." Na ɗauka wasan jika ne, sai daga baya na tarar masana sun yi kusan shekara 2,000 suna juya wannan kwatance.

Dalili kuwa shi ne ba a ganin hankali da ido, saboda haka tilas a yi masa aron kama daga abin da aka sani. Seneca, masanin Rum wanda ya rasu a shekarar 65, ya rubuta wa abokinsa Lucilius cewa mai karatu ya yi koyi da ƙudan zuma, ya tsotso daga furanni barkatai ya mai da su abu guda nasa na kansa. Ya ƙara da cewa abincin da bai narke ba kaya ne ga ciki, haka ma karatu. Wajen shekarar 400 kuma, Augustine, limamin Kirista na birnin Hippo, watau Annaba ta Aljeriya a yau, ya kira ma'ajiyar tunani cikin hankali, ya kwatanta tunawa da tuƙar dabba.

Likitoci sun bi ta wata hanya. Ibn Sina (980 zuwa 1037), bisa tafarkin Jalinusu, ya raba aikin ga koguna uku na ƙwaƙwalwa: na gaba ya tara abin da ido da kunne da sauransu suka kawo, na tsakiya ya harhaɗa ya yi hukunci, na baya ya adana. An daina bin wannan rabo, amma a ganina ya gane abu guda, watau labari zango-zango yake bi kamar abinci. A 1802 wani likita Bafaranshe, Cabanis, ya kai maganar ƙarshenta, ya ce ƙwaƙwalwa tana narkar da abin da gaɓoɓi suka ji ta fitar da tunani, yadda tumbi ke yi da abinci. Nan fa aka yi masa ca, aka ce ya kore ruhi.

A 1894 Santiago Ramón y Cajal na Sifaniya, wanda ya sami kyautar Nobel a 1906, ya kawo wani kwatancen a laccarsa ta Landan. Ya ce ƙwaƙwalwa lambu ce mai itatuwa, masu ƙara rassa in ana kula da su. Sai dai bayan Yaƙin Duniya na Biyu kwamfuta ta ture duk waɗannan, aka koma cewa hankali na'ura ce: a shigar, a ajiye, a fitar.

To, mai karatu, ga inda gizo ke saƙa. Na'ura tana mayar maka da abin da ka ba ta daidai, mutum kuwa ba ya yin haka. Tun 1932 Frederic Bartlett na Cambridge ya nuna cewa duk lokacin da mutum ya maimaita labarin da ya karanta, sai ya taƙaita shi ya sāke masa kama. A shekarar 2000 kuma Karim Nader da abokan aikinsa a Jami'ar New York suka koya wa ɓeraye tsoron wata ƙara. Da aka tuna musu ƙarar, aka ba su maganin da ke hana ƙwaƙwalwa haɗa furotin, sai tsoron ya dushe. Waɗanda aka ba maganin ba tare da an tuna musu ba, tsoronsu bai taɓu ba. Ashe abin da aka tuno yakan yi laushi, sai an sāke haɗiye shi ya zauna. Wannan ai ita ce tuƙa.

Ban ce ƙwaƙwalwa tumbi ce ba. Kwatance fitila ce, yana haska gefe ya bar gefe a duhu. Amma kwatancen da malami ya riƙe shi ke tsara koyarwarsa. Wanda ya ɗauki ɗalibi na'ura zai yi ta shifta, ya kuma nemi a amayar masa da kalmominsa ranar jarrabawa. Wanda ya ɗauke shi mai tuƙa zai yi masa tambaya, ya ba shi lokaci, ya sāke tambayarsa bayan mako. Almajirinmu na allo ya daɗe da sanin haka, domin ba ya wanke allo sai ya bayar da hadda, kuma ba ya barin tilawa bayan ya wanke.

Saboda haka ina kira ga malamanmu su rage shifta su ƙara tambaya. Mu kuma ɗalibai, in mun karanta shafi mu rufe littafin, mu faɗi abin da ke ciki da bakinmu, mu yi barci, gobe mu sāke tuno shi. Ni dai tun da na bi shawarar tsohon nan ban ƙara fita ɗakin jarrabawa da farar takarda ba.