Devizes, Garin da Jirgin Ruwa Ke Hawa Tudu Ya Iske Shi

Devizes ƙaramin gari ne a tsakiyar gundumar Wiltshire, kudu maso yammacin Ingila. A kan tudu yake, ba wani babban kogi da ya ratsa shi, amma duk da haka jiragen ruwa na tsayawa a bakinsa kullum. Hannun ɗan Adam ne ya kawo masa ruwan, kuma har sau biyu aka kawo.

Asalin garin gidan yaƙi ne. Wajen shekarar 1080 Bishop Osmund na Salisbury ya kafa shi, daga baya Bishop Roger ya sake gina shi da dutse. Masu sana'a suka yada zango a gindin ganuwarsa, kasuwa ta kafu, shi ya sa har yau manyan titunan garin a lanƙwashe suke, suna bin sawun ganuwar da babu ita. A yaƙin basasar Ingila an gwabza a tudun Roundway da ke bayan gari a 1643, kuma bayan sojojin Cromwell, ɗaya daga cikin jagororin yaƙin, sun ci gidan yaƙin a 1645 sai aka rushe shi. Abin da ya riƙe garin daga nan shi ne saƙar ulu da cinikin hatsi.

Kasuwar na ci duk ranar Alhamis. A tsakiyar filinta akwai wata hasumiyar dutse da aka kafa a 1814, jikinta an rubuta labarin wata mata, Ruth Pierce. A 1753 ita da wasu mata suka haɗa kuɗi za su sayi buhun alkama. Kuɗi suka gaza, aka ce nata ne bai cika ba, ta rantse cewa in ƙarya take yi ta faɗi matacciya. Nan take ta faɗi, aka sami kuɗin a dunƙule cikin hannunta. Shugabannin gari suka sa aka sassaƙa labarin a inda kowane mai awo zai gani.

Amma abin da ke jawo baƙi yana yamma da gari. A 1794 majalisar dokoki ta ba da izinin a haƙa hanyar ruwa da za ta haɗa kogin Kennet da kogin Avon, domin kaya su tashi daga Bristol su isa kogin Thames, su wuce Landan ba tare da an zagaya ta teku ba. Injiniya John Rennie aka damƙa wa aikin. Duka tafiyar, daga Bristol zuwa Reading, mil 87 ce. Inda ya fi ba shi wuya shi ne tudun Caen Hill, domin a cikin mil 2 kacal sai jirgi ya hau ƙafa 237 kafin ya kai Devizes.

Dabarar ita ce ɗakunan ruwa masu ƙofa gaba da baya. Jirgi ya shiga, a rufe ƙofar baya, a saki ruwa daga sama har ɗakin ya cika, jirgin ya taso, sannan a buɗe ƙofar gaba ya wuce. Rennie ya jera irin waɗannan guda 29. Goma sha shida daga ciki a layi ɗaya suke, ɗaya bisa ɗaya, kuma da yake tazararsu kaɗan ce, sai ya haƙa wa kowanne faffaɗan tafki a gefe don ajiye ruwa. Wanda ya tsaya a gindin tudun ya ɗaga kai zai ga baƙaƙen ƙofofi masu fararen hannuwa sun jeru har inda ido ya ƙare. Da ƙarfin tuwo ake tura kowace ƙofa, kuma jirgi kan ci awa biyar zuwa shida kafin ya gama hawa. Wannan wurin ne aka kammala a ƙarshe, a 1810. Kafin nan sai a sauke kaya a gindin tudu, dawakai su ja su bisa ƙaramin dogo zuwa gari.

Shekara talatin aka yi ana cin moriya. Kwal ɗin Somerset da dutsen gini na Bath da hatsi suka riƙa sauka a tashar Devizes. Sai layin dogo na Great Western ya haɗa Landan da Bristol a 1841, tafiyar kwanaki ta koma ta awoyi. A 1852 kamfanin jirgin ƙasan ya saye hanyar ruwan, kuma mai dogo ba shi da dalilin kashe kuɗi a kan kishiyarsa. Ƙofofi suka ruɓe, tafkuna suka cika da laka da ciyawa. Zuwa tsakiyar ƙarni na ashirin jirgi ba ya iya hawa Caen Hill, hukuma ma ta nemi a rufe hanyar baki ɗaya.

A nan ne mutanen yankin suka burge ni. Dubbai suka sa hannu a takardar koke, majalisa ta ƙi yarda a rufe. A 1962 suka kafa ƙungiyar Kennet and Avon Canal Trust, suka shiga aiki irin na gayya: wannan ya kawo shebur, wancan ya tara gudummawa, ana yashe laka ana sare kurmi, ɗaki bayan ɗaki, tare da hukumar hanyoyin ruwa da ƙananan hukumomi. Wasu daga cikin waɗanda suka fara ba su ga ƙarshen aikin ba, domin sai ranar 8 ga Agusta 1990 Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta zo Devizes ta buɗe hanyar. Ko a lokacin da sauran aiki, don duk jirgin da ya wuce yana zubar da ruwa ƙasa, sama kuma ta ƙafe. Sai da aka kafa famfo a gindin tudun mai mayar da ruwan sama, kana asusun cacar ƙasa na kula da kayan tarihi ya ba da fam miliyan 25 aka toshe wuraren da ke yoyo.

Yau masu yawon hutu ne ke bin hanyar, wasu ma a cikin jiragen suke zaune rani da damina. A tsohuwar tashar kaya an mayar da wani sito gidan wasan kwaikwayo, kuma daga nan ne ake tashin tseren kwalekwale na mil 125 zuwa Westminster a Landan lokacin Ista, al'adar da ta faro tun 1948, sa'ad da hanyar ke gab da mutuwa. Tashar jirgin ƙasan Devizes kuwa an rufe ta a 1966. Mai son zuwa garin yanzu sai dai ya hau mota, ko ya shigo ta ruwa.