Ilimin da Aka Adana da Hukuncin Likita: Tarihin Yaƙi da Cutar Kala-azar a Yankin Gadarif

A tsakiyar shekarun 1940 ne, lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ya jawo ƙarancin abinci, gwamnatin mulkin mallaka ta Sudan ta fara noma da tarakta a Gedambaliya, yamma da birnin Gadarif. Daga wannan wuri manyan gandayen dawa da riɗi suka yi ta faɗaɗa har suka doshi kogunan Rahad da Atbara. Noman ya jawo dubban 'yan ƙwadago, cikinsu har da Hausawa: wasu zuriyar mahajjatan ƙasa ne da suka yada zango a kan hanyar Makka, wasu kuma jikokin waɗanda suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Sai dai baƙar ƙasar nan mai albarka, wadda ke tsagewa da rani, da kurmin aduwa da na itacen ƙayar da mutanen Sudan ke kira talha, su ne kuma mazaunin wani ɗan ƙwaro mai cizo da bai kai sauro girma ba. Shi ke yaɗa cutar kala-azar, wadda jihar Gadarif ta zama babbar cibiyarta a Sudan.

Cutar tana zuwa da zazzaɓi mai daɗewa, da kumburin saifa, da rama, da ƙarancin jini, kuma wanda bai sami magani ba kusan ko yaushe rasuwa yake yi. Wahalar ma'aikacin lafiya ita ce alamomin sun yi kama da na zazzaɓin cizon sauro da na taifod, alhali maganin kala-azar allura ce mai zafi da ake yi kullum har tsawon makonni, wadda kan iya taɓa zuciya. Idan ya yi wa yaron da ba shi da cutar, ya sa masa guba a banza. Idan ya hana mai ita, ya bar shi ga ajali. Wannan hukunci yana rataye ne a kan abin da wasu suka gani, suka rubuta, aka adana, kuma ya iso hannunsa.

Tushen wannan aiki a Sudan shi ne ɗakunan binciken da attajirin magunguna Henry Wellcome ya ɗauki nauyin kafawa a Kwalejin Gordon da ke Khartum a farkon ƙarni na 20, ƙarƙashin jagorancin Andrew Balfour. Tun farko an haɗa wurin da laburare da gidan adana samfura. A 1903 William Leishman da Charles Donovan suka wallafa bayanin ƙwayar cutar daga majinyatan Indiya, kuma shekara guda kacal bayan haka, a 1904, Sheffield Neave ya gano ta a jikin wani yaro a Sudan. Saurin nan ya samu ne saboda mujallun likitanci na isowa Khartum, ana karanta su, ana kuma sanin abin da za a nema a ƙarƙashin madubin gwaji. Daga 1909 aka shiga tura likitoci su zaga lardunan Kassala da Shuɗin Nilu suna ƙididdige masu cutar, kuma a lokacin Gadarif tana cikin lardin Kassala.

Wani aikin Balfour da ba a cika ambata ba ya fi kusa da abin da ake kira hidimar laburare a yau. A 1908, shi da Robert Archibald suka fitar da wani kundi da ya taƙaita sababbin binciken da aka wallafa a duniya kan cututtukan ƙasashe masu zafi, tare da nuna abin da ya shafi Sudan a cikinsu, sannan suka sake fitar da na biyu a 1911. Likitan da ke can wani lungu, wanda ba shi da halin ganin mujallun Landan ko Balin, ya sami ɗakin karatu a cikin littafi guda. A shekarar 1908 ɗin nan kuma gobara ta ci wani babban sashe na ɗakunan binciken, aka yi asarar samfura da takardu. Abin da ya riga ya shiga ɗab'i ya tsira, domin kwafinsa ya bazu.

Ba za a rufe ido ga aibin wannan tsari ba. Da Ingilishi aka rubuta komai, domin jami'an mulkin mallaka, kuma mutanen ƙauyukan da aka tsotsi saifarsu don gwaji sun bayyana a rahotannin a matsayin lambobi da sunayen ƙabilu kawai. Duk da haka, ta wannan hanya ce maganin sinadarin antimoni ya iso, bayan an gwada shi a Burazil a 1912, sannan a Italiya da Indiya a 1915. A 1947 Robert Kirk da likitan Sudan Muhammad Hamad Satti suka wallafa sakamakon amfani da wani sabon nau'insa, wanda aka fi sani da sunan Pentostam. Maganin da suka gwada ya ci gaba da zama ginshiƙin jinya a Gadarif fiye da shekara 60.

Adana ilimi a kan kanta daban, isar da shi ga mai bukata daban. Annobar da ta afka wa yammacin lardin Nilu ta Sama, a kudancin Sudan na wancan lokaci, ta fara ne wajen 1984, amma sai a 1988 aka tabbatar da cewa kala-azar ce, bayan an fara zaton taifod. An ƙiyasta cewa mutum kusan 100,000 suka rasu cikin shekara goma. Bayanin cutar yana nan a rubuce tun shekaru 80 kafin nan, amma yaƙin basasa ya yanke hanya tsakanin masu ilimin da masu ciwon.

A Gadarif kuwa, shekarun 1990 sun zo da ƙaruwar cutar, suka kuma zo da wani irin bincike na daban. Farfesa Ahmad Muhammad El-Hassan da abokan aikinsa na Cibiyar Nazarin Cututtukan Gida ta Jami'ar Khartum suka riƙa komawa ƙauyuka iri ɗaya shekara bayan shekara, suna duba mutane iri ɗaya, suna rubutawa. Daga 1994 zuwa 1996 sun kwatanta ƙauyuka biyu a yankin kogin Rahad: Um-Salala, na Masalit da suka taso daga Darfur, da Mushrau Koka, na Hausawa waɗanda galibinsu a can aka haife su. A shekara ta biyu, kimanin mutum 38 cikin kowane dubu suka kamu a Um-Salala, a ƙauyen Hausawa kuwa ba su kai 5 ba. Abin da ya fi jan hankali shi ne gwajin ya nuna Hausawa da yawa ƙwayar ta shiga jikinsu ba tare da sun kwanta ciwo ba. Wannan yana da nauyi a gaban gadon majinyaci: a irin wannan ƙauye, ganin alamar cutar a jini kaɗai bai isa hujjar fara allura ba, dole a haɗa da daɗewar zazzaɓi da girman saifa, a kuma fara kawar da zaton zazzaɓin cizon sauro. Irin wannan bibiya ce kuma ta nuna cewa kusan rabin waɗanda suka warke a Sudan kan fito da ƙuraje a fata bayan jinya, alhali a Indiya ƙalilan ne, kuma a Sudan yawancin ƙurajen kan baje da kansu.

Maganar Indiya tana yawan dawowa a wannan tarihi, domin yawancin abin da ke cikin littattafai game da kala-azar daga jihar Bihar ya fito. Likitan da ya ɗauki littafin a matsayin hukuncin ƙarshe zai yi kuskure a Gadarif. Gwajin gaggawa na rK39, wanda ɗigon jini ya wadatar da shi, ba ya kuskuren mai cutar a Indiya sai nadiran, amma a Sudan yakan tsallake wani kaso mai yawa. Shi ya sa ƙa'idar aiki ta tanadi cewa idan bai nuna komai ba amma zato na da ƙarfi, a koma ga gwajin DAT, wanda masanin Sudan Abdallah El-Harith ya ɓullo da shi a Amsterdam a 1986, ko a tsotsi ruwan kaluluwa a duba.

Babban misali shi ne na maganin faramomaisin. A Indiya, allurarsa ta kwana 21 ta warkar da kusan kashi 95 cikin ɗari, aka yi masa rajista a 2006. Da a ce an tsaya a kan wannan sakamako, da an ɗauko shi kai tsaye zuwa Afirka, ganin yana da araha. Amma ƙungiyar DNDi da gamayyar masana na gabashin Afirka da aka kafa a Khartum a 2003 suka gwada shi a Sudan da Habasha da Kenya da Yuganda. A cibiyoyin Kassab da Um el-Kher da ke jihar Gadarif, waɗanda suka warke da wannan ma'auni ba su kai rabi ba. Aka wallafa sakamakon duk da rashin daɗinsa, kuma wannan abin yabo ne, domin binciken da bai ba da abin da ake fata ba sau da yawa a aljihun tebur yake ƙarewa. A gefe guda kuma, ƙungiyar likitoci ta MSF ta koma ga rijistocin majinyata fiye da 4,000 da ta yi wa jinya a kudancin Sudan, ta nuna cewa haɗa faramomaisin da antimoni na kwana 17 ya fi antimoni shi kaɗai na kwana 30 tsirar da rai. A 2010 kwamitin ƙwararru na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ba da shawarar wannan haɗi a matsayin maganin farko a gabashin Afirka. Ga iyalin manomi, rage kwana 13 daga zaman asibiti na nufin uwar da ke jinyar ɗa ta koma gida da wuri, a kuma sami gadon da za a kwantar da wani. Silar wannan sauyi layuka ne da ma'aikatan jinya suka riƙa cikewa da biro: nauyin majinyaci, ranar farawa, adadin allura, da yadda ya ƙare.

Samun abin da aka wallafa ma ya ɗan yi sauƙi. Shirin Hinari, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2002, ya buɗe wa jami'o'i da asibitocin ƙasashe matalauta ƙofar mujallun da a da sai mai kuɗi, wasu mujallu kuma suka koma kyauta a intanet. Amma ƙaramin ma'aikacin lafiya na karkara ba ya zama ya karanta maƙalar Ingilishi mai shafi goma. Abin da ke isa gare shi shi ne taƙaitacciyar ƙa'idar jinya ta ma'aikatar lafiya da horon da aka ba shi a kanta. Aikin da Balfour ya yi a 1908, na tacewa da taƙaitawa, shi ne har yanzu mahaɗin da ya fi saurin tsinkewa.

Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 ya sake jefa wannan gado cikin haɗari. Cikin kwanakin farko mayaƙa suka mamaye babban ɗakin gwaje-gwaje na ƙasa da ke Khartum, magajin ɗakunan Stack da aka gina a ƙarshen shekarun 1920, aka kuma rufe Jami'ar Khartum. Gadarif ta cika da 'yan gudun hijira, sannan a watan Satumba na wannan shekara aka ayyana ɓarkewar kwalara a jihar. Rahotannin Wellcome na zamanin Balfour an riga an ɗauki hotonsu an zuba a intanet, haka ma sakamakon Kassab da Um el-Kher yana nan ga duk mai son karantawa. Rijistocin ƙananan asibitocin ƙauye kuwa, waɗanda aka rubuta da hannu, galibinsu kwafi ɗaya ne tak.